Yaran da Aka Bar wa Profe Nerio

A unguwarmu da ke bayan tashar jiragen ruwa ta Puerto Cabello babu mai kiran Nerio Querales da sunansa. Profe ake ce masa, kamar malamin makaranta, ko da yake bai taɓa riƙe alli ba. Lebura ne a tasha, da sauke buhuna yake cin abinci. Amma da zarar ya tashi daga aiki sai ya saɓi buhun gorori da ƙwallaye ya nufi filin da ke tsakanin maƙabarta da tsohuwar masana'antar gishiri, inda yake koya wa yaran unguwa besbol, wasan da ake jefo ƙwallo a doke ta da gora.

Ni sunana Maigualida. A bakin filin nan na yi shekaru ina soya empanada, wato fanken masara mai nama a ciki, ina sayar wa iyayen yara. Matar Profe, Zuleima, ce ta riƙe ɗana Argenis ranar baftisma, saboda haka comadre muke kiran juna, shi kuma compadre. Abin da zan faɗa a kansa yawanci a kan idona ya faru, sauran kuwa a kicin ɗin Zuleima na ji.

Gajere ne, kakkaura, mai gajen haƙuri. Da ƙuruciya shi ne mai tsugunawa bayan mai dukan ƙwallo yana cafke jifa, shi ya sa duk yatsun hannunsa na dama suka karkace, ko maɓallin riga da ƙyar yake sawa. Idan ya daka wa yaro tsawa har masu haƙa kabari sai sun ɗago kai. Ba ya dukan yara, amma bakinsa ya fi bulala zafi. Ba zan ce mutum ne mai daɗin zama ba. Ranar da 'yarsa tilo Nereida ta gama sakandare, yana can wani gari da yaransa suna wasa, kujerarsa babu kowa. Yarinyar ba ta manta ba.

A farkon zamaninsa mata ne ke kawo masa yara, galibi riƙe da kunne.

“Profe, ga shi nan. Ka gajiyar min da shi.”

“Ya iya wasan?”

“Oho. Ni dai ya dawo gida ba shi da ƙarfin fita yawo.”

Abin da iyaye ke nema a wurinsa ke nan a lokacin: yaro ya kasance inda aka san yana nan, a hannun mutumin da ba ya shan giya a gaban yara, wanda kuma zai iya ce wa ɗan wani “a'a”. Yaron da ya gudu daga makaranta ba ya taɓa gora ranar, sai dai ya tsince duwatsun fili yana kallon 'yan'uwansa. Profe da kansa yake tare malamai a hanya ya tambaye su wanda ya zo da wanda bai zo ba.

Nawa ɗan ma haka na kai shi. Bayan 'yan watanni Profe ya tsaya a gaban kaskona yana cin empanada da bai biya ba, ya ce, “Comadre, in gaya miki gaskiya? Argenis ko kankana aka jefo masa ba zai same ta ba.”

“To in cire shi?”

“Wa ya ce ki cire shi? Yana sa sauran dariya, kuma shi kaɗai ke tuna ya kwaso ƙwallaye. Ki bar min shi.”

Argenis ya yi shekaru a filin nan bai taɓa yin abin kirki da gora ba, amma ya girma bai taɓa kwana a caji ofis ba. A unguwarmu wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abin ya fara canzawa ne shekarar da wata ƙungiya ta Amurka ta ɗauki wani yaro daga unguwar da ke kusa da mu. Kafin a ce me, ya gina wa uwarsa bene, an sa masa ƙofar ƙarfe da fenti ruwan hoda. Mutane suka riƙa zuwa ranar Lahadi suna kallon gidan daga waje. Daga nan iyaye maza suka fara zuwa fili, waɗanda da ko sunan ƙungiyar 'ya'yansu ba su sani ba. Suka jeru a jikin wayar da ta shinge filin, hannu a ƙirji, suna gyara wa Profe aiki. Tambayoyin ma suka canza.

“Profe, wa ka sani a sama?”

“Yaranka nawa aka taɓa ɗauka?”

“Shekara biyu yana hannunka, har yanzu ba wanda ya zo ganinsa?”

Sai ga wani mutum daga Valencia da farar mota da wata na'ura mai kama da bindiga, wadda ake nuna wa ƙwallo ta faɗi ƙarfin gudunta. Yana da gida da ya ajiye yara, yana ba su nama kullum, yana horar da su safe da yamma, in an ɗauke su ya karɓi rabonsa. Bai zagi Profe ba, da fara'a ma yake gaishe shi. Amma duk zuwan da zai yi sai ya tafi da yaro ɗaya ko biyu, kuma mafiya kyau. Profe ya riƙa dawowa gida yana jifa da buhun gorori, yana neman rigima da Zuleima a kan gishirin miya.

A cikin waɗanda suka rage akwai Yorbis, ɗan Eudoro Pacheco mai tasi. Shekararsa sha uku, siriri, mai dogayen hannuwa, ba ya magana sai an yi masa. Idan ya yi jifa, ƙwallon na shiga safar hannun mai cafkewa da wata ƙara da ko ni mai suya na san ta daban ce. Mai farar mota ya gwada shi, ya ce wa uban yaro ne mai kyau, amma da saura: ya ƙara ƙarfi, ya kuma koyi jifa mai lanƙwasa, irin wadda ake murɗa hannu ƙwallo ta karkace a iska. In ya dawo bayan damina ya ga haka, zai kai shi gaban manya.

Profe yana da doka tun da ya fara: yaro ba ya murɗa hannu sai gemu ya fara tsiro masa, don ƙashi bai ƙosa ba. Eudoro ya san da dokar. Ya zo ya same shi a gaban kaskona.

“Profe, ko ka koya masa, ko in kai shi inda za a koya masa. Ni ba zan mutu ina tuƙa wannan gwangwanin ba alhali Allah ya sa min arziki a hannun ɗana.”

“Hannun nasa ne, ba naka ba.”

“Ni na haife shi. Kai kuma me ka taɓa fitarwa? Shekara da shekaru kana nan, sai masu gyaran taya kake yayewa.”

Na ga fuskar Profe ta canza. Ya daɗe yana kallon yaron da ke can yana ɗaure takalmi, sannan ya ce, “Ka kawo shi gobe da sassafe, kafin in tafi tasha.”

Zuleima ta yi masa magana, ni ma na yi. Ya ce mu mata ba abin da muka sani, shi zai bi a hankali, ya san inda zai tsaya. Gaskiyar ita ce yana so ko sau ɗaya a ce yaron Nerio Querales ne aka ɗauka. Yorbis ya riƙa jifa da safe, ya yi da yamma, ranar Lahadi uban ya kai shi bayan gidansu ya ƙara. Da yaron ya fara cewa gwiwar hannunsa na zogi, Profe ya ce a sa ƙanƙara. Uban ya ce namiji ba ya raki. Yaron ya daina faɗa.

Ranar gwaji rabin unguwa na fili. Mai farar mota ya tsaya bayan waya da na'urarsa, ga wani baƙo mai hular hana-salla a gefensa. Jifan farko ya yi kyau, baƙon har ya gyaɗa kai. Sai Profe ya yi alamar a murɗa. Yorbis ya ɗaga ƙafa, ya saki ƙwallo, ta tafi can gefe ta bugi waya, shi kuma ya durƙusa riƙe da hannu, bakinsa a buɗe amma ba sauti. Waɗanda ke kusa sun ce sun ji wani abu ya ce ƙas. Kafin a ɗaga yaron, farar mota ta riga ta fita daga layin.

Likita ya ce jijiya ce ta tsinke ta ɓalle da ɗan ƙashi, aikin kuma ba na irinmu ba ne. Aka naɗe hannun, ya warke a lanƙwashe, bai ƙara miƙewa sosai ba. Bayan mako guda Eudoro ya zo fili ana tsakiyar horo, ya tofa wa Profe yawu a fuska a gaban yara, ya ce, “Ka kashe min ɗa.” Profe bai goge ba, bai kuma ce “kai ka matsa” ba, ko da yake duk mun ji lokacin da ya matsa. Ya tattara gororinsa ya tafi gida, ya tura buhun ƙarƙashin gado.

Ya fi shekara bai taka filin ba. A lokacin ne ya fara shan giya da rana. Abin da ya fi ci masa rai, in ji Zuleima, shi ne Yorbis bai daina gaishe shi ba. Duk inda suka haɗu sai yaron ya ce, “Barka, Profe,” da hannun nan a maƙale a jikinsa. Yorbis ya bar makaranta, uban ya daina kula shi, ya faɗa cikin yaran babur masu ƙwacen waya. Bai kai sha takwas ba aka tsinci gawarsa a bayan kasuwa. Profe ya je jana'iza ya sa kafaɗa a akwatin. Eudoro na ɗaya gefen, bai hana shi ba, bai kuma dube shi ba.

Yunwa ce ta mayar da shi fili. Jiragen ruwa suka ragu a tasha har ya zama sai a yi mako ba a kira lebura ba. Shaguna suka bushe. Mutum ya yini a layi ya dawo da sabulu, alhali garin masara ya je nema. Ni kaina na kife kasko, don babu mai, babu gari, babu kuma mai saya. Malamai suka watse, makaranta ta koma kwana biyu a mako, yara suka cika layi suna jifan mangwaro ɗanye. Wata rana mata uku suka zo gidansa ina zaune. Babbarsu ta ce, “Profe, ka buɗe filin nan. Yaran nan za su lalace.”

“Ku je ku tambayi Eudoro irin gyaran da nake yi.”

“Mun san abin da ya faru, a nan muke. Ba mu ce ka mai da su taurari ba. Ka dai riƙe su.”

Sai ƙaramarsu ta sunkuyar da kai ta ce, “Za a riƙa ba su wani abu su ci?”

Ranar Litinin ya fito da buhun. A makon farko wani yaro ya yanke jiki ya faɗi yana gudu, da aka tambaye shi ya ce tun jiya da rana rabonsa da abinci. Washegari Zuleima ta ɗauko babbar tukunyar da take dafa abincin Kirsimeti ta girka a kan duwatsu a bakin fili. Profe ya riƙa zuwa bakin ruwa da asuba yana taya masunta jan taru, su ba shi sardin da kawunan kifi. Wani ya kawo rogo, wata ta kawo kabewa, ni na kawo hannuna da wuƙata. Miya ce mai ruwa-ruwa, wani lokaci sai ka yi ta laluben kifin da cokali, amma da zafinta.

Filin ya cika fiye da kowane lokaci. Har 'yan mata suka zo, har waɗanda ba su san ta wane gefe ake riƙe gora ba. Ƙwallaye suka ƙare, aka koma dunƙule tsumma a naɗe da salatif. Safar hannu kuwa kwali ake yankawa. Profe ya rage gudu, ya rage tsawa, don ya ga ba su da jikin ɗauka. Wani lokaci a zaune yake koya musu, a inuwar katangar maƙabarta, yana zana fili a ƙasa da tsinke har miya ta nuna. Iyaye ba su ƙara tambayarsa wa ya sani a sama ba. Suna zuwa ɗaukar yara da kwano a ɓoye cikin jaka, ko za a sami saura.

Daga nan aka fara tafiya. Gida-gida aka riƙa sa kwaɗo. Nereida ta tafi Chile, Argenis ɗina ya tafi Colombia. Kullum sai ka ga wani da jaka a baya yana sallama.

Dubraska mai gyaran gashi ce, ba ta da miji, ba ta da kowa a garin sai ɗanta Eliomar mai shekara tara. Ta zo gidan Profe da yamma muna ɓare rogo, riƙe da yaron da wata 'yar jaka.

“Profe, Peru zan tafi. Hanyar ba ta yaro ba ce, an ce wani wurin da ƙafa ake bi. Wata uku, in ya yi yawa huɗu, in na sami ɗaki zan aiko a kawo shi.”

“To ni me zan yi miki?”

“Ka riƙe min shi.”

Profe ya ajiye wuƙar. “'Yata, ni fili nake da shi, ba gidan marayu ba. Ba ki da 'yar'uwa? Ba ki da coci?”

“'Yar'uwata ta riga ni tafiya. Na duba unguwar nan kaf. Kai ba ka dukan yara, gidanka ana dafa abinci, kuma kai ba inda za ka.”

“Kin san abin da na yi wa ɗan Eudoro.”

“Na sani. Na ga kuma yadda ka koma bayan nan. Ba za ka sake ba.”

Zuleima ce ta tashi ta karɓi jakar. Ta ce wa yaron, “Zo, ɗana, ga gadon Nereida nan babu kowa.” Dubraska ta rungume shi har sai da ya ce tana shaƙe shi, sannan ta fita da sauri ba ta waiwaya ba.

Da labari ya bazu sai wasu suka biyo. Wani makaniki ya kawo tagwayensa. Wata ta kawo 'yarta da ƙaninta. An yi lokacin da falon Profe ba wurin taka ƙafa saboda katifu. Wasu iyayen sun cika alkawari, suka aiko aka kai musu 'ya'yansu. Wasu suna aiko da abin da ya samu. Dubraska da farko duk Lahadi sai ta kira wayata, don ta Profe ta lalace. Eliomar ya shige bayan gida da wayar, ya fito ido jajir. Daga baya kiran ya koma wata-wata, sai ya koma saƙon murya. A shekara ta biyu lambar ta daina shiga.

Zuleima dama tana da ciwon sukari, maganin kuma ya ɓace daga gari. Ta ɓoye wa kowa cewa wani ƙaramin ciwo a yatsar ƙafarta ya ƙi warkewa, tana ɗingishi tana juya tukunya, har sai da wari ya tona. Aka yanke yatsar, aka yanke ƙafar, ba ta tashi daga aiki na biyun ba. Yaran da take ciyarwa su suka bi akwatinta a layi, daga gida zuwa maƙabartar da ke jikin filin.

Bayan kwana biyu Nereida ta kira daga Chile. Profe ya sa wayar a kunne, amma muryarta har inda nake.

“Baba, ka taho. Na yi magana da mai gidan da nake haya, akwai ɗaki. Me ya rage maka a can?”

“Yaran fa?”

“Iyayensu su zo su kwashe su!”

“Wasu ba a san inda iyayen suke ba.”

“Ni fa? Ni ba a san inda ubana yake ba tun ina ƙarama. Kullum 'ya'yan wasu. Mama ta mutu tana dafa wa 'ya'yan wasu, yanzu kai ma so kake in ji a waya.”

“Nereida, 'yata…”

Ta kashe. Ya miƙo min wayar, ya ce, “Gaskiya ta faɗa, comadre.” Sannan ya tafi ɗebo itace, don lokacin girki ya yi.

Ya ci gaba shi kaɗai, ina taimaka masa da tukunya. Ya daina giya, ba don wa'azin kowa ba, sai don babu. Ya rame har wandonsa sai da igiya. Eliomar ya zama hannun damansa: shi ke tashin ƙananan, shi ke raka shi jan taru, a fili kuma ya gaji wurinsa na cafke jifa. Yaro ne mai shiru da ƙwazo. Baba yake kiransa a gida, Profe a fili. Wani mai neman 'yan wasa ya taɓa tsayawa ya kalle shi, ya tambayi wa ke da shi. Profe ya ce, “Ba na sayarwa ba ne,” ya juya masa baya. Ban sani ba ko daidai ya yi. Wataƙila da yaron ya sami wata hanya.

Eliomar na da shekara sha huɗu wata mata ta dawo daga Lima ganin uwarta. A layin ruwa, ba ta lura yaron na bayanta da jarka ba, ta ce ai ta ga Dubraska da idonta, tana nan lafiya, ta yi ƙiba, tana tare da wani mutum har da goyo. Eliomar ya ajiye jarkar a nan ya tafi. Kwana biyu bai ci abinci ba. A na uku ya ce wa Profe zai tafi.

“Da me za ka je? Ka san nisan wurin?”

“Mutane na zuwa da ƙafa.”

“In ka je ta ce ba ta da wurinka fa?”

“To ta faɗa min da bakinta. Baba, ni ba zama zan je yi ba. So nake ta gan ni.”

Profe ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya ɓoye masa takardar haihuwa, ya turo ni in yi masa magana. Yaron ya ce ko an ɗaure shi zai kwance. Da Profe ya ga zai gudu ne ba sallama, sai ya nemi wasu iyali da za su bi hanyar ya haɗa shi da su. Ya cire takalminsa na aiki, wanda shi kaɗai ne mai kyau a gidan, ya cusa takarda a bakin ya ba shi. Na yi masa arepa, wainar masararmu, na naɗe a leda. Muka raka shi tashar mota da safe. Profe bai rungume shi ba. Ya dafa ƙeyarsa da karkatattun yatsun nan ya ce, “Kar ka kwana kusa da titi. In an ba ka abinci ka ci, ban da girman kai. Ka kira comadre duk inda ka sami waya.”

Ya kira daga kan iyaka. Ya sake kira daga wani gari mai sanyi a Colombia, ya ce ƙafarsa ta yi ƙuraje amma lafiya, ya rabu da iyalin don yaronsu ba shi da lafiya sun tsaya. Daga nan shiru. Kullum da yamma bayan an watse daga fili Profe sai ya zo ya zauna a dakalina, ba ya tambaya, sai dai ya kalli wayar da ke hannuna. In na girgiza kai ya ɗan ƙara zama, sannan ya tashi.

A fili ya faɗi, wata Laraba da rana, yana nuna wa wata yarinya yadda ake tsayuwa. Yaran suka ɗauka wasa yake. Da muka kai shi asibiti a bayan motar mai kifi, rabin jikinsa ya riga ya mutu, baki ya karkace. Ya yi kwanaki yana kallon ƙofa, yana ƙoƙarin faɗin abin da ba mu gane ba, sannan ya cika.

Mutanen da suka zo jana'izarsa ba su da yawa, don waɗanda ya horar sun watsu a duniya. Wayata dai ta cika da saƙonni daga Bogotá da Santiago da Madrid, manyan maza suna kuka suna ba da labarin zagin da ya taɓa yi musu. Nereida ta ce in ɗaga wayar ta gani, na riƙe ta sama har aka gama zuba ƙasa. Eudoro ya zo, ya tsufa, ya tsaya daga nesa da hula a hannu, ya tafi kafin a watse.

Yara biyu suka rage a gidan, yarinyar nan da uwarta ta kawo tare da ƙaninta, na dawo da su wurina. Babu wanda ya ɗauki buhun gorori. Da damina ta zo maƙwabta suka raba filin suka shuka rogo da wake, ban ga laifinsu ba.

Bayan wata biyar wata baƙuwar lamba ta kira ina wanki. Muryar ta yi kauri, sai da ya faɗi sunansa na gane.

“Mama Maigua, ni ne, Eliomar. An sace min waya a hanya. Ina Lima. Ba ni Baba.”

Na tambaye shi ko ya ga uwarsa, don in sami lokacin haɗa kalmomi. Ya ce ya gan ta. Ta yi kuka, ta ba shi abinci, ya kwana uku a falo, sannan mijin ya ce gidan ya yi kaɗan. Yanzu yana wanke gilashin motoci a mahaɗar titi, suna kwana su shida a ɗaki ɗaya. Ya ce kar in gaya wa Baba wannan, in ce masa komai lafiya. Ya sake cewa in ba shi.

Na gaya masa. Ina jin ƙarar motoci a bayansa. Can ya ce, “Wa ya ɗauki akwatin?” Na lissafa masa. Ya ce, “Ƙananan fa, sun ci abinci?” Na ce sun ci, ga su nan suna wasa a ƙofar gida. Na ce ya dawo, akwai wuri a gidana. Ya ce to, zai duba, mai wayar na jira. Ya ce in gaishe su.